Tashar jiragen kogi: ruwa ne mai gida, ba manaja ba

Duk wanda ya kalli hoton babbar tashar jiragen ruwa ta bakin kogi, abin da ke fara ɗauke masa ido shi ne manyan injinan ɗaga kayan nan masu dogon wuya, da kwantenoni jibge kala-kala, da tireloli suna ta shige da fice. Amma ka tambayi mutanen da ke cin abinci a wurin, daga kyaftin har ejan har mai kula da lodi, me suke fara dubawa da safe tun kafin su buɗe takardar kaya? Ma'aunin ruwa ne wallahi. Santimita nawa ya ƙaru, nawa ya ragu, ina ake zaton zai kai nan da jibi. Wannan 'yar lambar ita ke yanke ko jirgi zai tashi da cikakken lodi ko da rabi, ita ke yanke kuɗin dako, wani lokacin ma ita ke yanke ko wata masana'anta can nesa zata yi aiki a makon ko a rage.

Nan ne ma tashar kogi ta bambanta da ta teku. Teku yana cika yana janyewa kullum, amma nasa a lissafe yake, akwai jadawalin da zaka buɗe ka ga lokacin cikarsa na shekara mai zuwa ma. Kogi kuwa ba ruwansa da jadawali, abin da aka yi na ruwan sama ko ƙanƙarar da ta narke a wasu duwatsu ɗaruruwan kilomita daga tashar shi ke zuwa maka bayan kwanaki, in ba a yi ba kuma sai dai haƙuri.

Toh me ke cikin tashar ma tukuna? Na farko akwai gaɓar da jirgi ke jingina, wadda ake ginawa da kankare ko a kafa zanen ƙarfe a tsaye a cikin ƙasa, da turakun ƙarfe da ake ɗaure igiya, da robobi masu kauri a jikin bango don kada jirgi ya gogu. Sai filin ajiya a baya, da sito mai rufi na kayan da ba sa son jiƙa irin su taki da siminti da naɗaɗɗen ƙarfe, da dogayen rumbunan hatsi, da tankunan mai, da sikelin da tirela ke hawa a auna ta a cike a kuma auna ta ba kaya, da ofishin kwastan in tashar na karɓar kayan waje. Duk wannan kowa na iya zanawa a takarda. Inda aikin yake shi ne tsayin gaɓar, domin kogin da yau yake dab da bakin kankare bayan wata huɗu zai iya yin ƙasa da mita bakwai ko takwas, kuma injin da aka saya dole hannunsa ya kai ƙasan jirgi a duka yanayin biyu. A Manaus ta Birazil, wadda ke kusan kilomita 1,500 daga teku amma manyan jiragen teku ke isa har can, bambancin cikar kogin Negro da janyewarsa ya kan wuce mita 10 a shekara ɗaya, shi ya sa tun farkon shekarun 1900 suka haƙura da faɗa da kogin suka gina gaɓa mai yawo a kan ruwa, ruwa ya hau ta hau, ya sauka ta sauka. Ni wannan dabarar tana burge ni sosai, saboda wanda ya yi ta ya gane wa ke da iko a wurin.

Kayan da kogi ya fi ɗauka ba irin na kwali da leda ba ne, kayan zube ne masu nauyi waɗanda ba sa sauri: kwal, tama, yashi da tsakuwa, taki, hatsi, man fetur, sinadarai. Dalili kuwa lissafi ne kawai. A kogin Mississippi na Amurka, baji ɗaya, wato faffaɗan jirgin nan marar inji da ake turawa, tsawonsa ƙafa 195 faɗinsa ƙafa 35, yana cin kamar tan 1,500. In tirela na ɗaukar tan 25 kaga baji ɗaya ya shanye tirela 60 kenan. Kuma ba ɗaya ake turawa ba, a saman kogin ana ɗaure 15 wuri guda da igiyoyin ƙarfe, uku a faɗi biyar a tsawo, jirgin turi ɗaya na bayansu, in aka gangaro ƙasa da St. Louis inda babu madatsun ruwa kuma sai kaga an haɗa 30 har 40. Ka lissafa direbobi nawa, tayoyi nawa, gas nawa, titi nawa zai farfashe in da ta mota za a kai wannan kaya. Kusan kashi 60 cikin 100 na hatsin da Amurka ke fitarwa waje ta wannan kogin yake gangarawa zuwa tashoshin Louisiana.

Yadda ake lodi da saukewa ya danganta da irin kayan. Kwal da tama da tsakuwa, injin ɗaga kaya ne mai wani ƙaton baki da ke buɗewa ya dumbuzo ya zuba a mazurari, daga nan bel mai tafiya ya kwashe zuwa fili ko taragun jirgin ƙasa. In an kusa ƙasan jirgin, bakin ba ya iya kwashe na lungu, sai a ɗaga ƙaramar katafila a saka ta ciki tana turo ragowar tsakiya, a ƙarshe kuma leburori su shiga da shebur da tsintsiya, kuma wannan sharar ba wasa ba ce fa, jirgin da ya kawo taki ba zai ɗauki alkama ba sai an wanke shi an duba an sa hannu. Hatsi kuma ta bututu ake zubawa daga rumbu, a sauke shi da injin zuƙa ko wani bel mai ƙananan bokitai. Mai da sinadarai ba a ma ganinsu da ido, tiyo ne ko hannun ƙarfe ake haɗawa da jirgi famfo ya yi aikinsa, sai dai can ne dokar wuta ta fi tsanani.

Maganar wuta, mutane da yawa ba su san rumbun hatsi na iya tashi kamar bam ba. Ƙurar hatsi in ta cika iska a rufaffen wuri, ɗan tartsatsi daga bel da ya yi zafi ya isa. A watan Disamba na 1977 wani babban rumbun hatsi a Westwego, bakin Mississippi kusa da New Orleans, ya fashe ya kashe mutum 36. Shi ya sa in kaga tasha ta kashe maƙudan kuɗi a kan injin zuƙe ƙura da sharar da ba ta ƙarewa, ba tsaftar gayu ba ce.

Wani abin da nake so a harkar shi ne yadda ake auna kayan zube. Ba sikelin da zai ɗauki jirgi ai, toh sai a auna da ruwan kansa. A jikin kowane jirgi akwai lambobi a gaba da tsakiya da baya, masu nuna iya inda ya nutse. Mai awo zai zagaya ya karanta su kafin lodi, ya sake karantawa bayan lodi, ya cire ruwan da ke tankunan daidaita jirgi da man da ke ciki, abin da ya rage shi ne nauyin kaya, domin jirgi na ture ruwa daidai nauyinsa ne. Mai saye na da nasa mai awon, mai sayarwa na da nasa, kuma a kan santimita biyu sai kaga manyan mutane na ta musu a bakin gaɓa, ba kuma rigimar banza ba ce, a babban jirgin kogin Rhine na Turai mai tsawon mita 110 santimita ɗaya ya kai kamar tan 10. Haka mai lodi ma ba zubawa kawai yake ba, in ya tara kaya a tsakiya ya bar gaba da baya jirgin zai iya lanƙwasa, an sha samun baji ya karye biyu a bakin gaɓa saboda gaggawar lodi.

Wannan lissafin na santimita shi ne ya dawo da mu kan maganar ma'aunin ruwa. A tsakiyar Rhine akwai wani ɗan gari a Jamus mai suna Kaub, garin bai kai ya kawo ba amma duk mai harkar dako daga Rotterdam ta Holan a bakin teku har Basel ta Suwizalan ya san sunansa, saboda wajen nan ne ruwan ya fi ƙaranci, duk jirgin da zai haura kudu sai ya bi ta nan. A watan Oktoba na 2018 ma'aunin Kaub ya sauka har santimita 25. Lambar ba ita ce ainihin zurfin ba, ruwan da ke kan hanyar jirgi ya fi ta da mita ɗaya da ɗoriya, amma jirgin da a cike yake nutsewa fiye da mita 3 ina zai bi? Sai aka koma ɗaukar kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na lodi, wasu suka ɗaure jiragensu gaba ɗaya. Kuma a tsarin kwangilar dako a can akwai ƙarin kuɗin ƙarancin ruwa, ma'auni na sauka farashi na hawa, in ya wuce wani mataki ma mai jirgi ba dole ya ɗauki kayanka ba. Kamfanin sinadarai na BASF da ke Ludwigshafen ya ce abin ya ci masa kusan yuro miliyan 250 a shekarar, gidajen mai a wasu sassa suka fara ƙarewa har sai da gwamnatin Jamus ta buɗe rumbun man ajiyarta. Tashoshin duk suna nan, injinan lafiyarsu ƙalau, ma'aikata sun zo aiki, ruwa ne kawai babu. A Agustan 2022 kuma aka sake maimaitawa, ma'aunin ya koma wajen santimita 30.

Ba Turai kaɗai ba. A Oktoban 2022 ma'aunin Memphis a Mississippi ya yi saukar da ba a taɓa rubuta irinta ba, daidai lokacin girbin masara da waken suya, shekara na zagayowa a 2023 ya ƙara yin ƙasa da haka. Duk ƙafa ɗaya da aka rage wa nutsewar baji kamar tan 200 ne aka bari a gaɓa, in baji 15 ne tan 3,000 kenan, tirela 120 da babu wanda ya shirya musu. A Ajantina, inda kusan kashi 80 cikin 100 na hatsi da man waken da suke fitarwa ke tashi daga tashoshin yankin Rosario a kogin Paraná, a 2021 kogin ya yi janyewar da rabon a ga irinta tun shekarun 1940, jiragen teku suka riƙa tashi da ragaggen lodi suna zuwa cikawa a Bahía Blanca a bakin teku, hatsin kuma sai an kai shi can ta mota ko jirgin ƙasa, kuɗi a kan kuɗi. Cikar ruwa ma ba alheri ba ce kullum, in ya yi yawa ana rufe hanya saboda ƙarfin gudu da igiyar ruwan da jirgi ke turawa jikin gidajen mutane, ko kuma filin ajiyar kansa ya koma tafki.

Akwai kuma gada. Jirgin kwantena a kogi matsalarsa biyu ce, ƙasa da sama. Ruwa ya yi ƙasa gindinsa ya taɓa yashi, ruwa ya yi sama kansa ya taɓa gada. A ƙasan Rhine ana jera kwantena hawa huɗu ko biyar, amma da an shiga ƙananan hanyoyin ruwa na gini masu gajerun gadoji sai a koma hawa biyu, shi ya sa ake yin ɗakin kyaftin da ke iya ɗagawa ya leƙa ta saman kaya, in an zo gada ya sunkuya. Mai tsara lodi kuma dole ya sa masu nauyi a ƙasa, ya tuna wace kwantena za a fara saukewa a wace tasha, in ba haka ba sai an ɗaga goma kafin a ciro ɗaya, kuma kowace ɗagawa akwai wanda zai biya.

Yashe kogi kuwa, ni a ganina nan ne ake yaudarar kai fiye da ko'ina. Mutane na ɗaukarsa kamar aikin da ake yi sau ɗaya a yanka kintinkiri a tafi, alhali kogi kullum cikin ɗauko yashi da laka yake, kuma ya fi son ajiye su daidai inda gudunsa ya ragu, wato a kwana da bakin tasha. Ka yashe bana, baɗi ya mayar maka da rabin abin da ka kwashe. A Amurka rundunar injiniyoyin soja ce ke da alhakin riƙe hanyar jirgi mai zurfin ƙafa 9 a Mississippi, kuma aikin shekara da shekaru ne ba ya yankewa, ga jiragen yashe, ga shingayen duwatsu da ake ginawa daga gefe don a matse ruwan ya riƙa share hanyarsa da kansa, ga alamun da ake matsarwa duk lokacin da tudun yashi ya yi ƙaura. Duk tashar da aka yi wa kasafin gini ba a yi mata na yashe na kowace shekara ba, an gina wurin ɗaukar hoto ne kawai.

Inda kogi ke da gangara ko madatsa sai a yi ɗakin ruwa mai ƙofa biyu, jirgi ya shiga a rufe, a cika ko a rage ruwan har ya yi daidai da ɗaya ɓangaren sannan a buɗe masa. Abin da kyau amma yana cin lokaci. Yawancin na saman Mississippi tsawonsu ƙafa 600 ne, jerin baji 15 kuma ya kusa ninka haka, dole a kwance shi biyu a wuce da rabi a dawo a ɗauki rabi a sake ɗaurewa, na baya suna layi. A madatsar Three Gorges ta kogin Yangtze a Sin, hawa biyar ne a jere, jirgi na kwashe awa uku zuwa huɗu, har a 2016 suka buɗe wani injin da ke ɗaga jirgi mai tan 3,000 da ruwan da yake ciki gaba ɗaya har tsayin mita 113 a cikin kamar minti 40.

Toh a ce ruwa ya wadata, an yashe, jirgi ya iso. Saura tambayar da ake yawan mantawa, kayan in an sauke ta ina zasu bi? Duisburg ta Jamus, inda kogin Ruhr ya haɗu da Rhine, ita ake kira tashar cikin ƙasa mafi girma a duniya, tana juya kwantena kusan miliyan 4 a shekara in aka ƙirga da ma'aunin mai ƙafa 20, amma in ka duba da kyau ba jirgin ruwa kaɗai ya ba ta wannan ba, layukan dogo ne har bakin gaɓa da manyan tituna ta kowane gefe da sito-sito na kamfanoni a bayanta, tun 2011 ma jirgin ƙasa ke tasowa daga Chongqing ta Sin ya sauke a can. Kwantena na sauka daga ruwa ta hau tarago ko tirela ba tare da ta kwana biyu ba. A kogin Kwango abin ya fi fitowa fili, daga Kisangani zuwa Kinshasa kusan kilomita 1,700 jirgi na tafiya, amma daga Kinshasa zuwa Matadi, inda jiragen teku ke tsayawa, duwatsu ne da gangaren ruwan da ba jirgin da zai bi, shi ya sa aka shimfiɗa layin dogon da aka gama a 1898, da ran ma'aikata masu ɗimbin yawa kuwa. Duk ranar da wannan layin ko titin da ke gefensa ya samu matsala, tashar Kinshasa ta ji a jikinta ko da kogin ya cika ya batse.

Gaɓa ba wurin ajiya ba ce, wurin wucewa ne, kuma kuɗin tasha a juyawa yake. Jirgi na da awannin da aka yarje masa na lodi da saukewa, in aka wuce sai dimarej, wato tarar jinkiri, ya fara ƙirgawa, kwantena ma in ta daɗe a fili kuɗin ajiya na hawa kanta. Abin takaicin shi ne sau da yawa ba inji ke kawo jinkirin ba, takarda ce, sa hannun da ba a yi ba, lambar kwantena da aka rubuta ba daidai ba, jami'in da ya tashi da wuri. Su kansu masu jiragen kogi na Rhine kukansu a manyan tashoshin teku na Rotterdam da Antwerp ya daɗe, in ƙaton jirgin teku ya iso shi ake fara yi wa hidima, su kuma su yi ta jira wani lokacin kwana guda ko fiye a kan kwantena ashirin. Ga kuma batun iyaka, kogi ɗaya ƙasashe da yawa, wanda a Rhine tun 1815 aka kafa hukumar haɗin gwiwa da yanzu ke zaune a Strasbourg, yarjejeniyar Mannheim ta 1868 kuma ta hana karɓar kuɗin wucewa a kan kogin. Ba don wannan ba da kowace ƙasa ta kafa nata shingen, arhar dakon ruwan ta tafi a banza.

Abin da na lura da shi a 'yan shekarun nan shi ne manyan masu kaya sun daina jiran a gyara musu kogi, sun koma gyara jirgi. Bayan dukan da suka sha a 2018, BASF ta haɗa kai da kamfanin Stolt aka ƙera wani jirgin sinadarai da ya fara aiki a 2023, tsawonsa mita 135 faɗinsa mita 17.5, an faɗaɗa shi an rage masa nauyin jiki don kada ya nutse sosai, ko ma'aunin Kaub ya sauka santimita 30 zai wuce da kamar tan 800. Wasu kuma sun ƙara tankuna da filin ajiya don su tara kaya kafin rani, wasu sun riƙe kwangilar taragun jirgin ƙasa a gefe ko da ba su yi amfani da ita ba. Duk wannan kuɗi ne, kuma babban kamfani ne ke iya biya. Mai jirgi ɗaya tal, wanda a Rhine da yawansu shi da matarsa ne ke tuƙi suna zaune a cikin jirgin da bashin banki a kansa, shi fa ba shi da halin sake ƙera wani, sai dai ya ɗauki kwatan lodi ya yi fatan ƙarin kuɗin ƙarancin ruwa zai rufe masa kuɗin gas da na wata.